Dalilin Jinkirin Sauke Bidiyo Daga Ƙasashen Waje Da Yadda Ake Maganinsa

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)





Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan wani abu da ya danganci sana'ata, wato harkar sadarwa, bisa sharaɗi biyu: kada in cika muku kunne da Turanci, kuma kada in kai ku lokacin da abinci zai huce. To, na zaɓi in yi magana a kan wani ɗan abu da ba na jin akwai wanda bai san shi ba a cikin zauren nan, shi ne ɗan zoben nan da ke fitowa a tsakiyar fuskar waya yana ta juyawa, a daidai lokacin da mutum ya ƙagu ya ga abin da yake son gani.

Da zarar zoben ya fito, abin da kowa ke cewa shi ne babu sabis, a shiga tsine wa kamfanin waya. Wani lokaci kam da gaskiyarmu. Amma ina so ku lura da wani abu. Mutum yana zaune wuri ɗaya, da waya ɗaya, da layi ɗaya, zai buɗe YouTube ya kalli Labarina ko Izzar So, awa guda cur hoto bai tsaya ba. Yana gamawa sai ɗansa ya karɓi wayar don ya sauke wani darasi na minti goma daga shafin wata ƙaramar kwaleji a Amurka, sai a yi sallar Magariba a dawo abin bai kai rabi ba. In da sabis ne kaɗai matsalar, ai da duka biyun sun tsaya. Bambancinsu yana ga inda kowanne yake ajiye. Na farkon, mai yiwuwa ƙwarai kwafinsa yana nan cikin ƙasar nan. Na biyun kuwa yana can hayin teku, cikin kwamfuta guda ɗaya tak, ita ce kuma duk duniya ke yi wa layi.

Bari mu fara da nauyin kayan. Rubutu ba shi da nauyi, littafi sukutum na zallar rubutu da wuya ya wuce megabayit ɗaya ko biyu. Bidiyo kuwa hotuna ne ake jerawa, ashirin da huɗu zuwa talatin ko fiye a cikin kowane sakan, ga kuma sauti. Bidiyo mai kyan hoto, irin wanda ake rubuta wa 1080, yana bukatar wajen megabit 5 a kowane sakan. Malaman lissafi suna nan, sai su duba mini: megabit 5 sau sakan 3,600, a raba da 8, tun da bit takwas ne ke yin bayit ɗaya, zai ba da megabayit 2,250. Wato kallon awa ɗaya ya haura gigabayit 2. Wannan rabawa da takwas ɗin ma ita ce ke rikita mutane da yawa. Kamfani zai ce ya sayar maka da gudun 8, kai kuma ka ga wayarka tana nuna 1, ka ɗauka an cuce ka, alhali shi da bit yake awo, waya kuwa da bayit. Waɗanda suka yi zamani da na'urar nan mai kuka da ake haɗawa da wayar tarho ta gida, mai gudun kilobit 56, in da sun ce za su sauke fim mai megabayit 700, sai sun yi awa 28 suna jira, in har layin bai yanke ba.

To, yanzu sai nisa, wanda shi ne ainihin maganata. An koya mana a ajin Fiziks cewa haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a sakan. A lokacin mun haddace ne kawai don jarrabawa. Saƙonnin intanet a yau haske ne ke ɗauke da su, cikin wani zare na gilashi mai kaurin gashin kai, wanda ake kira faiba. A cikin gilashi gudun hasken yana raguwa zuwa wajen kilomita 200,000 a sakan. Kowace kilomita 1,000 ke nan tana cin milisakan 5 zuwa, milisakan 5 dawowa. Shi milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Mu ɗauka kana Kano, abin da kake nema kuma yana gabashin Amurka. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000. Daga Legas zuwa Fotugal ta wayar MainOne da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku, kilomita 7,000. Daga Turai a tsallaka Tekun Atilantika, wajen 6,000. Jimla 14,000, zuwa da dawowa 28,000, wato milisakan 140. Ka ƙara tsaye-tsayen da saƙon ke yi a na'urorin da ke kan hanya, sai ka ga ya doshi 200. Babu kuɗin da zai rage wannan, domin ba a ba haske cin hanci.

Na san wani zai ce, haba, kashi ɗaya cikin biyar na sakan, ƙiftawar ido, shi ne za a tara mu a kansa? Da sau ɗaya ake yin tafiyar, da ba komai ba ne. Amma ba haka kwamfutoci ke aika wa juna kaya ba. Sukan yayyanka bidiyon ƙananan ƙunshi-ƙunshi, mai aikawa ya tura wani adadi, sa'an nan ya dakata sai mai karɓa ya amsa cewa sun iso lafiya, kana ya ƙara turo wasu. Ku ɗauki misalin ɗan ga-ruwa. Kurarsa tana cin jarka goma, kuma ba ya sake lodi sai ya kai ya sauke ya dawo. In rijiyar burtsatsen tana bakin layinku, kafin hantsi ya cika muku randuna da duro. In kuwa tana wata unguwa can bayan gari, kurar ita ce dai, jarkokin su ne dai, ƙarfinsa bai ragu ba, amma sawu uku zai yi rana ta faɗi. A tsohon tsari, abin da kwamfuta ke turawa kafin ta jira amsa bai wuce kilobayit 64 ba. In zuwa da dawowa milisakan 200 ne, sawu biyar ke nan a sakan, abin da bai fi megabit biyu da rabi da 'yan kai ba. In milisakan 20 ne, sawu hamsin, megabit 26. Layi ɗaya, kuɗi ɗaya, bambanci ninki goma.

Kwamfutocin yanzu sun fi haka wayo, sukan ƙara girman kurar in sun ga hanya lafiya. Sai dai da ƙaramin lodi suke farawa, su riƙa ƙarawa sawu bayan sawu. Ranar da ƙunshi ɗaya ya ɓace a hanya, sai su ɗauka cunkoso ne, su zaftare lodin, su sake hawa a hankali. Mai rijiya a kusa nan da nan ya murmure. Mai rijiya a nesa kafin ya murmure wani ƙunshin ya sake ɓacewa, domin doguwar hanya ta fi yawan mararraba da wuraren cunkoso. Wannan shi ne dalilin da za ka ga saukewa ta fara da gudu, ta ja baya, ta sake yunƙurawa, kamar tsohuwar mota a kan tudu.

Waɗanda suka shiga shagunan intanet a farkon shekarun 2000 sun ɗanɗani abin da ya fi haka. Yawancin shagunan da faranti suke aiki, mai kallon tauraron ɗan'adam da ke tsaye a sama wajen kilomita 36,000. Saƙo ya hau ya sauko, amsa ta hau ta sauko, kilomita 144,000 ke nan, kusan rabin sakan a kowane sawu. Shi ya sa mutum zai sayi awa ɗaya, rabinta ta ƙare wajen buɗe akwatin wasiƙa. A lokacin wayar teku guda ɗaya ƙasar nan ta dogara da ita, SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002 a hannun NITEL. Sai a 2010 MainOne, wadda Funke Opeke ta kafa, da Glo-1 suka iso, WACS da ACE suka biyo baya a 2012, Equiano ta kamfanin Google ta sauka Legas a 2022, 2Africa kuma a 2024. Kowace ta ƙara faɗin hanya, farashi ya sauko ƙwarai. Amma ba wadda ta matso da Landan ko da taku ɗaya.

Akwai ma wani abin takaici da aka daɗe ana yi. Kamfanonin sadarwarmu ba su haɗe da juna a cikin gida ba, kowanne ya ja layinsa ya nufi Turai. Saboda haka in mai layin wannan kamfani a Kano ya aika saƙo ga mai layin wancan a Kaduna, sai saƙon ya je Landan ko Amurka ya juyo. Kamar ka ba direban Legas wasiƙar da za a kai maƙwabcinka na jikin katanga. Don maganin wannan aka kafa cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, a 2006, wato wani ɗaki inda kamfanoni ke kawo wayoyinsu su haɗa, kayan gida ya tsaya a gida. Ta fara a Legas, daga baya ta buɗe rassa a Abuja da Fatakwal da Kano da wasu garuruwa. A 2025 ta ba da sanarwar cewa abin da ke ratsa ta a lokacin cunkoso ya kai terabit ɗaya a sakan, wato megabit miliyan ɗaya.

Tun da ba a iya rage nisa, dabarar da ta rage ita ce a ɗauko kayan a kawo kusa. Wannan dabara ta girmi bidiyon intanet. Tun shekarun 1990, masu rarraba manhajoji kyauta, irin su Debian, suka ga kwamfutarsu ɗaya ba za ta iya da duniya ba. Sai jami'o'i da cibiyoyin bincike a ƙasashe daban-daban suka riƙa sa kai, kowace ta ware babbar kwamfuta, ta kwafe duk abin da ke cikin ta asalin, tana sabuntawa a kai a kai. Turawa suka sa wa irin wannan kwamfuta suna madubi, don abin da ke can shi take nunawa. Ni dai na fi son in kira ta rumbun kusa. Mai saukewa sai a nuna masa jerin ƙasashe a ce ya zaɓi wadda ta fi kusa da shi. Da daɗewa ɗan Afirka ta Yamma in ya duba jerin sai ya ga zaɓinsa bai wuce Turai ko Afirka ta Kudu ba, kuma sau da yawa Turai ta fi sauri, domin can wayoyinmu suka nufa. Kusa a taswira daban, kusa a waya daban.

A 1998 wani malamin lissafi a jami'ar MIT ta Amurka, Tom Leighton, da ɗalibinsa Danny Lewin suka kafa kamfanin Akamai, suka mai da wannan dabara sana'a. Suka zuba kwamfutoci a garuruwa da yawa, suka kuma tsara lissafin da zai zaɓa wa mutum rumbun da ya fi dacewa da shi ba tare da ya sani ba. Shi Lewin yana cikin jirgin farko da aka kai hari da shi a ranar 11 ga Satumba, 2001, ranar da jama'ar duniya suka yi wa shafukan labarai rubdugu irin wanda ya ƙirƙiro dabararsa dominsa. Ina faɗin wannan ne musamman don ƙannenmu da ke tambayar amfanin lissafi.

Yau manyan kamfanoni kowa da nasa rumbunan. Google yakan ba kamfanonin waya kwamfutocinsa su ajiye a ɗakunansu, duk bidiyon YouTube da mutanen yankin suka yawaita nema sai kwafinsa ya zauna a ciki. Mutum na farko ne ke jawo shi daga nesa, sauran dubbai su ɗiba a gida. Netflix ya fito da nasa tsarin a 2012, shi har yakan yi kirdadon abin da za a kalla gobe, ya cika rumbunan a lokacin da layi ba cunkoso, galibi cikin dare. Facebook ma haka. Kowa ya ci riba: kamfanin waya ya huta da biyan kuɗin jawo abu ɗaya sau dubu ta teku, mai bidiyo ya sami masu kallo, kai kuma ka ga hoto garau ka ce yau sabis ya yi kyau. Nesa ta zo kusa.

Amma fa a nan ne gizo ke saƙa. Rumbu ba ya cin komai da komai, yana da iyaka. Ƙa'idarsa kuwa ita ce, abin da aka fi nema shi ke zama, wanda aka daɗe ba a tambaya ba a fitar da shi. Ba ya duba amfani, yawan masu nema kawai yake dubawa. Don haka waƙar biki da rawar da ake yayi kullum suna kusa. Darasin haɗa sinadarai da yara uku ne suka neme shi a duk jihar, shi kullum sai an je hayin teku. In ma a YouTube yake, da sauƙi, domin hanyar Google mai kyau ce. In kuwa yana shafin wata jami'a ko ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi, wadda ba ta biya an rarraba mata kayanta a rumbunan duniya ba, to yaron da ke Birnin Kudu ko Maraɗi shi ne a ƙarshen layi. Masu shafin kuma ba mugunta suka yi ba. Su a ofishinsu abin yana buɗewa nan take, domin rijiyar tana tsakar gidansu. Sai wani daga nesa ya rubuto musu kuka kafin su san akwai matsala, in sun ga dama su nemi wanda zai ajiye musu madubi a yankinsa. A ganina wannan shi ne babban aibin tsarin: ya sa shagala ta fi ilimi araha da sauri, ba tare da kowa ya zauna ya shirya hakan ba.

Mu a Arewa muna da ƙarin namu nisan. Kusan duk wayoyin teku a Legas suke sauka, manyan ɗakunan ajiyar kwamfutoci ma can suka taru. In an ce abu yana cikin Nijeriya, yawanci ana nufin yana Legas. Wannan kilomita dubun da ke tsakaninmu a lissafin haske milisakan 10 ne kacal, ba matsala. Matsalar ita ce lafiyar hanyar. Wayar faiba a gefen titi ake binne ta, duk lokacin da ake gyaran hanya ko haƙa kwalbati sai katafila ta tsinke ta, ban da masu haƙewa da gangan. Ga kuɗin izinin binne waya, wanda aka amince tun 2013 ya zama Naira 145 kowace mita, amma aka daɗe jihohi da yawa suna karɓar ninkin-ba-ninkin haka. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa ba su da teku ko kaɗan, sai wayarsu ta ratsa ƙasar maƙwabta, irin su Binin da Nijeriya, kafin ta ga ruwa. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ya rage wa wasu wahala, domin taurarinsa wajen kilomita 550 kawai suke daga ƙasa, ba 36,000 ba. Amma kuɗinsa ba na kowa ba ne, kuma shi ma in ya sauko da kai ƙasa, sai an bi waya zuwa inda kayan yake.

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, cikin makon farko na azumi, kowa ya ga abin da nake faɗi da idonsa. Wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda a tekun da ke daura da Kodebuwa. Ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga wahala, a nan gida mutane suka kasa tura kuɗi ta manhajojin wasu bankuna, gyara kuma ya ɗauki makonni, don sai jirgin ruwa na musamman ya zo ya ciro wayar daga ƙasan teku. Abin tambaya shi ne, mai kuɗi yana Kano, mai karɓa yana Kano, me ya kai cinikinsu tekun Abijan? Amsa ita ce, wani ɓangare na kwamfutocin da aikin ya dogara da su yana ƙasashen waje. Hukumomi da kamfanoninmu da yawa can suke ajiye shafukansu, saboda araha da tabbacin wutar lantarki. Ina roƙon 'yan'uwa da ke cikinmu masu gidajen rediyo, ko makarantu, ko kamfanoni, kowa in ya koma ya tambayi mai kula masa da shafi: a wace ƙasa kayanmu suke zaune, su wa kuma muke so su gani? In masu kallonka suna Kano da Katsina, ajiya a Amurka wahalar da su ne. In kuma kana da masu bi a Kumasi da Jidda da Landan, to kwamfuta ɗaya a Legas ma ba ta wadatar ba, sai ka shiga tsarin masu rarrabawa, wasunsu ma irin Cloudflare suna da matakin kyauta ga ƙananan shafuka.

Wata 'yar shawara a gefe. Tun lokacin da aka rufe Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, mutane da yawa suka sa VPN a wayoyinsu, wasu har yau yana kunne sun manta. Shi VPN yana nuna kamar kana wata ƙasa ne, sai a tura ka rumbun can. Ga rijiya a ƙofar gidanka, ka sa an kai kurarka Jamus. In ba ka da bukatarsa, kashe shi.

Wannan dabara ta rumbun kusa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko bakin kowace tasha, za ku ga samari da kwamfuta a kan tebur, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin. Shi ya sauke fim sau ɗaya, ya tura wa mutum ɗari a katin waya. Ban ce halal ne a kwashi gumin masu shirya fim ba tare da izininsu ba, wannan wata magana ce, kuma sun daɗe suna kuka a kai. Amma ta fuskar fasaha, abin da yaron nan ke yi shi ne abin da Google ke kashe biliyoyi yana yi. Akwai kuma wani misali da ya fi wannan tsabta, wanda asalinsa ke da alaƙa da ƙasar nan. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga irin wahalar da malamai da ɗalibai ke sha wajen samun intanet. Da ya koma Jami'ar Ayowa, shi da abokan aikinsa suka riƙa neman izinin masu shafukan ilimi, suna kwafe shafukan a faifan ajiya, suna aikawa jami'o'in Afirka a ɗora a kwamfutar cikin gida. Sunan da suka sa wa abin eGranary, ma'anarsa rumbun hatsi na lantarki. Jami'ar MIT ma da ta fara sakin darussanta kyauta a 2002, ta riƙa ba makarantun da ke da ƙarancin intanet kwafin shafin gaba ɗaya a faifai.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Duk shekara in an zo maganar ɗakin kwamfuta na makarantar nan, abin da ake kawowa shi ne a tara kuɗi a saya wa yara data. Ba na adawa da wannan, amma mu yi lissafi. Darasi ɗaya na bidiyo, a ce megabayit 100. Aji mai yara 60, in kowa zai jawo nasa daga waje, gigabayit 6 ke nan. In azuzuwan huɗu ne, gigabayit 24, a kan darasi ɗaya, kuma da yake duk a lokaci guda za su danna, ba wanda zai ga komai sai zobe. Baɗi sababbin yara su zo a sake biya. Ga shi kuma a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. In kuwa akwai rumbu a cikin makaranta, megabayit 100 ɗin nan sau ɗaya za a saya, yara su riƙa ɗiba ta wayar cikin ɗaki ko ta Wi-Fi, nisan bai wuce taku ashirin ba. Faifai mai terabayit ɗaya zai ci irin wannan darasi 10,000.

Kayan da za a zuba kuwa akwai su, kyauta, da izinin masu su. Manhajar Kiwix tana ɗauke Wikipedia dungurungum a karanta ba intanet, ta Turanci da hotunanta wajen gigabayit 100 ce, ta Hausa kuwa ba ta da wani nauyi. Manhajar Kolibri an yi ta ne musamman don makarantu irin tamu, tana ɗauke da darussan Khan Academy na lissafi da kimiyya, malami kuma yana iya ganin inda kowane yaro ya tsaya. Akwai gwaje-gwajen kimiyya na PhET daga Jami'ar Kolorado, inda yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta ya ga yadda wuta ke gudana. Ita kwamfutar da za ta riƙe wannan duka ba sai babba ba. Tsohuwar kwamfutar ofis mai lafiya ta isa, akwai ma 'yar ƙarama kamar tafin hannu, Raspberry Pi, wadda ƙaramin farantin sola da batir za su riƙe.

Kada in sa ku ɗauka abin ba shi da wahala. Rumbu yana tsufa. In ba a sabunta shi, shekara uku yaro zai riƙa karanta tsohon labari yana ɗauka sabo ne, don haka ana bukatar ɗan layin intanet da za a riƙa cika shi da dare ko a ƙarshen mako, ko kuwa wani daga cikinmu ya riƙa kawo sabon faifai kowane zango. Ana bukatar malami guda da za a koya wa kula da shi, a kuma ba shi ɗan alawus, domin duk mun san yadda kayan gudummawa ke ƙarewa a ɗakin da aka kulle, ƙura ta rufe, makulli yana aljihun wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Ƙura da zafin Afrilu kuma ba sa raga wa na'ura. Kuɗin kula ya kamata a fara warewa kafin kuɗin saye.

Sa'an nan yawancin darussan nan da Turanci suke, Turancin ma na Amurka, wanda yaron aji ɗaya zai sha wuya kafin ya kama. A nan ne nake juyowa gare ku, iyayenmu malamai. A cikin zauren nan akwai waɗanda suka shekara talatin suna koyar da lissafi da kimiyya da Hausa da tarihi, sun san daidai inda yaro ke tuntuɓe a kowane babi, sun san misalin da ke buɗe masa kai. Wayar hannu mai kyau da allo da ɗaki mai haske sun isa a ɗauki darasin minti goma sha biyar, a yi bayani da Turanci a warware da Hausa, a zuba a rumbun makaranta. Wannan ba ya bukatar tsallaka kowane teku. In an ga ya yi kyau, a ba makarantun maƙwabta kwafi, su ma su ba mu nasu.

Abin da nake nema a wurin Shugaba shi ne, kafin a tashi a yau a naɗa mutum uku, ɗaya daga malaman da ke aiki yanzu, ɗaya daga waɗanda suka ajiye aiki, ɗaya daga cikinmu. Su zauna da shugabannin sassa su rubuto babi-babin da yara suka fi faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO, domin da su za a fara cika rumbun. Haɗa na'urar da koya wa malamin da zai kula da ita, wannan na ɗauka, a hutun ƙarshen zango mai zuwa in Allah ya kai mu.

Shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo.